Turken Doki Ma Makaranta Ne

Gaisuwa ta musamman ga matan Batsari da Ruma da Safana da Runka, da waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da garuruwansu. Allah Ya mayar da kowa ɗakinta lafiya.

Yau zancen doki na zo mana da shi. Na san wata za ta ce, "Yo mu da muke cikin kulle, ina ruwanmu da doki?" To 'yar'uwa, ajiye muciyar nan tukuna ki ba ni aron kunnenki, don maganar ta ɗanki ce.

Ba sai na tuna maku abin da yankinmu ya gani ba. Ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Ba mu manta da harin Tsauwa da Dankar na shekarar 2020 ba, ba mu kuma manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin dabbobi. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu wuraren. Amma ko bindiga ta yi shiru, akwai tabon da ta bari a cikin ɗakunanmu. Yaron da a da yake fita kiwo ko gona tun da sassafe, an kore shanun, an baro gonar, yanzu yana zaune a gari ba aikin fari ba na baƙi. Wani da idonsa ya ga abin da ko babba ba zai iya ɗauka ba. Sai ki ga ya daina magana, ko ya riƙa firgita cikin barci, ko abu kaɗan ya harzuƙa. Ke kina ciki, shi yana waje, ba ki san da wa yake zama ba. Mai sayar da ƙwaya kuwa, da mai neman yaron da zai riƙa kai rahoto daji, irin wannan yaron suke farauta.

To ina doki ya shigo? A birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, wata mata mai suna Lezlie Hiner ta kafa wata ƙungiya a 1994, ana ce mata Work to Ride, wato yi aiki ka hau. Ba don riba aka kafa ta ba, da gudummawar jama'a take tafiya. 'Ya'yan talakawa take ɗauka daga unguwannin da ake fama da ƙwaya da harbe-harbe. Sharaɗin shi ne yaro ya share barga, ya ba doki abinci, ya goge shi, sannan ya riƙe karatunsa da kyau. In ya cika wannan, sai ya hau. A 2011 yaran wannan barga suka ci gasar ƙwallon dawaki ta makarantun sakandare ta Amurka baki ɗaya, kuma su ne baƙaƙen fata na farko da suka yi haka.

Kada ku ce abin na Turawa ne. Nan kusa da mu, a Mararrabar Jos ta jihar Kaduna, akwai filin ƙwallon dawaki na Fifth Chukker, inda aka daɗe ana shirya gasa tare da bankin Access da hukumar UNICEF don tara kuɗin taimakon yara, har aka gina makaranta a garin. Akwai kuma Neku Atawodi, mace 'yar ƙwallon dawaki da ta tashi a Kaduna, wadda ta kafa Ride to Shine don koya wa marayu hawa da tallafa wa karatunsu.

Mu Katsinawa kuwa, doki gadonmu ne. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Ƙasar Ruma ita ce ta jarumi Ɗanwaire. Har gobe in Sallah ta zo, yaranmu ba su da zance sai na hawa.

Me doki ke koya wa yaro? Na farko, tashi da wuri, don doki ba ya jiran mai barcin safe. Na biyu, sanyin hali. Doki dabba ce mai saurin tsorata. In ka zo masa da hargowa ko zafin rai, sai ya ja da baya ko ya kai harbi. Dole yaro ya kwantar da zuciyarsa kafin ya ɗaura sirdi ya sa linzami. Na uku, amana. Yaron da ya san akwai rai a turke da ke jiran ruwa da harawa daga hannunsa, ya san shi ma yana da amfani a duniya. Ga kuma sana'a: kiwon doki, ɗinkin kayan doki, dukanci, da sayar da taki ga manoma.

Yanzu me za mu iya yi daga cikin gida? Mu fara da magana. In maigida ya dawo ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, yaron nan zaman banza zai lalata shi. Ko za ka yi wa mai unguwa magana, a nema masa wurin wani dattijo mai doki?" A gidajen hakimai da dagatai da wasu attajirai akwai dawaki, kuma doki kullum yana bukatar mai kula da shi. In iyaye maza da malamai suka haɗa kai, turke biyu ko uku sun isa a fara da yara goma.

Sai gudummawa. Dusar da kike fitarwa in kin yi surfe, abincin doki ce. Harawar wake da ta gyaɗa da ke kan rufin ɗaki, ɗauri ɗaya ma sadaka ce. Masu adashi za su iya ware wani abu duk kwasa, a saya wa marayun cikinsu takalma da littattafai. Da yayyafi kogi kan cika. Amma kada ki ba da ko sisi sai kin san hannun da zai karɓa. Ki aiki wanda kika yarda da shi ya gano wurin da idonsa, a kuma riƙa faɗa wa jama'a abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Ga kuma sharuɗɗa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar boko da ta allo su ne gaba, barga ta biyo baya. Wanda ya yi fashin makaranta, ranar ba hawa. Ban da sukuwa cikin gari irin ta ranar biki, wadda ke karya yara tana banke mutane. Ban da kai doki bakin daji, kuma a dawo gida kafin magariba. Yaro ya sa takalmi a barga, a tabbata an yi masa allurar rigakafin sarƙe-haƙora, don ƙwayar cutar tana zama cikin kashin doki da ƙasa, ta shiga ta ciwo. In ya dawo, ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwano.

In ya shigo da yamma yana warin doki, kada ki kore shi da faɗa. Zuba masa tuwo ki tambaye shi, "Yau me dokinka ya yi?" Yaron da ya daɗe bai buɗe baki ba, ta nan hira kan fara, daga nan har ki ji abin da ke cin zuciyarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.