Kiwon Babbar Tsutsa Domin Ciyar da 'Yan Tsaki: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya

 

Da kwamiti ya nemi in yi magana a kan wata sana'a da matasanmu za su iya yi a cikin gida, na san ana sa ran in ce kiwon awaki ko noman rani. Sai ga tsohon hedimasta ya zo da zancen tsutsa. Ina roƙon ku yi mini haƙurin da na yi wa da yawa daga cikinku a aji uku.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda iyayenmu ke ciyar da 'yan zabi. A cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, da sassafe a ɗauko a zazzage wa tsaki. Ba su san kalmar furotin ba, amma sun san tsakon da ya ci gara ya fi saurin yin gashi. Ilimin zamani ya biyo sawunsu daga baya. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da babban rahoto a kan amfani da ƙwari wajen abincin mutane da dabbobi, kuma a 2021 Tarayyar Turai ta halatta sanya garin ƙwari a abincin kaji. Mu kuwa, tun daga janye tallafin man fetur a 2023, masu kiwo sun ga yadda kuɗin buhun abincin kaji ya rufe wa mutane da dama akurki.

Tsutsar da nake nufi ita ce wadda Turawa ke kira supawom. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma a Amurka da Turai da Asiya ana kiwonta domin tsuntsaye da kifayen ado da ƙadangarun da mutanen can ke ajiyewa a ɗaki. 'Yar wani baƙin ƙwaro ce, tsawonta yakan kai santimita 5 zuwa 6. Ba tsutsar mushe ko ta masai ba ce. Abincinta dusa, ruwan shanta kuma yankan karas ko dankali ko kabewa. Na faɗi wannan tun yanzu saboda na ga wasu iyayenmu mata sun fara yamutsa fuska.

Kayan aikin ba su da yawa: bahon roba mai santsin ciki, dusar alkama mai kaurin yatsa uku ko huɗu, rariya, da kiret ɗin ƙwai na kwali. Amma akwai sirri guda, wanda rashin saninsa ya cinye mini wata uku. Da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini 'yan kaɗan, na zuba su duka a baho ɗaya ina jiran su rikiɗa su hayayyafa. Kullum in leƙa, kullum suna nan yadda suke, sai ƙiba. Ashe wannan halitta ba ta rikiɗa muddin 'yan uwanta na gogar jikinta. Dole a zaɓi manyan, a sa kowace ita kaɗai a ƙaramin kofi ko gwangwanin madara, ba abinci, a ajiye a wuri mai duhu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta lanƙwashe kamar ƙugiya, ta saɓule fata, ta koma wani farin abu da ba ya ci ba ya tafiya. Kada a zubar, ba ta mutu ba. Bayan kamar mako biyu kuma sai ƙwaro ya fito, fari-fari da farko, ya koma ja, sannan ya yi baƙi. Na shekara talatin ina raba yara a ɗakin jarrabawa domin kowa ya nuna abin da ke kansa, ban taɓa zaton tsutsa ma sai an raba mata benci ba.

Waɗannan ƙwari su ne iri. A haɗa su a baho mai dusa, a kifa musu kiret su ɓuya, a riƙa sa musu karas. Mace ɗaya takan yi ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta. Duk bayan mako biyu a kwashe iyayen zuwa sabon baho, don idan aka bar su za su cinye ƙwan. Tsohon bahon a ajiye shi ko da ido bai ga komai ba. 'Ya'yan na ciki, sirara kamar zare, kuma sai sun yi wata uku zuwa huɗu kafin su cika girma.

Abokan gabarta a ƙasarmu su ne zafi da kiyashi da laima. Ta fi son ɗumi tsakanin digiri 25 da 30, ga shi bazararmu na haura 40. A watan Afrilu na yi asarar baho guda a ɗakin kwano, sai da na mayar da sauran tsohon ɗakin ƙasa kusa da randa. Sanyi ma yana kashe ta, don haka kada wani a birni ya ce zai adana ta a firji. Kiyashi kuwa maganinsa a ɗora bahon a tebur, a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Da damina a rage kayan ɗanye, domin dusa ta yi funfuna an gama. Idan kuma aka hana su ɗanyen gaba ɗaya, sai su koma cin junansu.

To, ga gaskiyar da mai tallar iri ba zai gaya muku ba. Wannan tsutsa tana da maiƙo da yawa, kuma sinadarin gina ƙashi da ɓawon ƙwai ya yi ƙaranci a jikinta. Ƙari ce a kan tsaba da dusa, ba ta maye gurbinsu. Sannan dusar da take ci, ai kuɗi ce, kuma kaza ma na iya cinta kai tsaye. A ganina ta dace da mai 'yan zabi ko talo-talo ashirin ko talatin a gida, musamman mazaunin birni da ba shi da gara a kusa. Mai kaji dubu ya fi kyau ya nemi sanin tsutsar baƙin ƙudan soja, wadda ke cin ragowar abinci da ɓawon kayan marmari ta kuma isa girbi cikin kusan mako biyu. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi aiki sosai a kanta. Kada kowa ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya zuba a nan.

Roƙona ga ƙungiya ƙarami ne. A ware kuɗin baho goma da buhun dusa biyu, a ba mu tsohon sito na makarantar firamare, a zaɓi matasa biyar, biyu daga cikinsu mata. Za mu raba 'yan tsaki gida biyu, waɗansu da tsutsa waɗansu babu, mu riƙa auna su duk Asabar muna rubutawa a rajista. Irin da za a fara da shi ni zan bayar. In Allah ya kai mu taron baɗi, ɗaya daga cikin matasan ne zai karanta muku rajistar, riba ko faɗuwa.