Giɓin da ke Tsakaninmu, da Abin Lura a Ƙwayoyin Jiki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe mu da ganin zagayowar ranar da jama'armu ta fara haɗuwa a wannan masallaci.

Kullum liman yakan umurce mu da daidaita sahu, mu kuwa mukan toshe giɓi har kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Amma da an sallame sai wani giɓin ya bayyana. Likita da injiniya su shiga motocinsu su nufi Lusail, lebura da mai gadi su tsaya cikin rana suna jiran motar kamfani ta mai da su Sana'iyya. Dukanmu Hausa muke ji, alƙiblarmu ɗaya, amma abin da wani ke samu a wata ɗaya, ɗan'uwansa bai samunsa a shekara.

Lalle hukumar Katar ta yi gyare-gyare. A 2015 aka wajabta biyan albashi ta banki. A 2020 aka soke sharaɗin neman yardar maigida kafin a sake wurin aiki, aka kuma yanka mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2021: riyal 1,000 a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai bayar da su ba. Doka ta kuma hana a karɓi kuɗin ɗauka aiki daga hannun ma'aikaci. To, amma doka a rubuce take, da Larabci ko Turanci. Wanda bai iya karanta takardar yarjejeniyarsa ba, ƙaƙa za ya san an tauye masa hakki? Sau da yawa ya riga ya sayar da gona a gida ya biya dillali tun bai hau jirgi ba.

Sa'an nan abin bai tsaya kan uba ba. Mai babban albashi shi ake ba izinin kawo iyali, 'ya'yansa su shiga makarantun kuɗi na Doha, watakila har su kai ga jami'o'in Birnin Ilmi, inda ake koyar da likitanci a reshen Weill Cornell. Mai riyal 1,000 kuwa 'ya'yansa suna can Kano ko Damagaram, alhali a Nijeriya kaɗai yara fiye da miliyan 10 ba su zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Watau giɓin albashi na yau shi ke haifar giɓin ilmi na gobe, shi kuma ya sake haifar na albashi jibi.

Ina mafita? Bari mu dubi jikinmu, domin an hore mu da yin tunani cikin halittar kanmu. Masana sun tabbatar jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda ido bai ganinsu sai da madubi mai ƙara girma, kowace da fatarta da ta kewaye ta kamar katangar gida. A 1967 waɗansu masana biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka, Revel da Karnovsky, suka bayyana cewa a wasu wurare ƙwayoyi biyu sukan kusanci juna ƙwarai, amma su bar 'yar rata a tsakani. Ƙanƙantar ratar ta kai a raba milimita ɗaya gida miliyan, a ɗauki kashi 2 zuwa 4. A kan wannan rata akwai kafofi jere kamar bututu. Kowace ƙwaya takan haɗa furotin guda 6, wanda ake kira koneksin, ta gina rabin bututu; maƙwabciyarta ta gina ɗaya rabin; su haɗu a tsakiya, hanya ta buɗe. Manyan abubuwa ba su wucewa ta nan, sai ƙanana, kamar gishirin jiki da sukari da saƙon lantarki, amma dare da rana suna wucewa.

Ta waɗannan kafofi ne ƙwayoyin zuciya ke jin juna, har su buga tare wajen sau 100,000 kowace rana. In kafofin suka sami matsala sai bugun ya rikice. A cikin ido kuma akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi mai tattara haske, wadda ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Ƙwayoyinta na can ciki suna samun abincinsu ne daga na waje, hannu da hannu, ta irin waɗannan kafofi. In sun lalace sai yana ta rufe ido. A 1997 ma an gano lalacewar koneksin mai lamba 26 tana sa a haifi yaro kurma.

Jama'a, ku lura da hikimar. Ratar tana nan, ba a shafe ta ba, an dai gina hanya a kanta. Kuma ƙwaya ɗaya ba ta gina hanyar ita kaɗai. Haka mu ma, ba mu da ikon daidaita albashin injiniya da na lebura, amma muna da ikon hana zumunci yankewa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Masu ilmin boko su ba da sa'a ɗaya bayan sallar Juma'a, su karanta wa 'yan'uwa takardun aikinsu, su koya musu Turanci da lissafi, su nuna musu yadda ake kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago in an riƙe albashi. Mai hali ya ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya daga 'ya'yan ɗan'uwansa a gida. In kuwa za a tara kuɗi a jama'ance, sai a bi ta ƙungiyoyin agaji masu izini, domin dokar ƙasar nan ta hana tarawa ba da izini ba. Mai ƙaramin albashi shi ma ya gina nasa rabin: ya aje kunya ya zo a koya masa, gemu ba ya hana ilmi. Da yawa cikinsu mahaddata ne da suka fito daga tsangayu, sai su ɗauki 'ya'yan likita da injiniya su koya musu karatun allo da harshen iyayensu, wanda ke neman suɓuce musu. Kun ga ke nan abin yana gudana ta ko'ina, ba mai gori, ba mai ƙasƙanci.

Allah ya albarkaci wannan masallaci da waɗanda suka raya shi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mana iyalanmu na nesa da na kusa, ya mai da kowa gida da alheri.