Hali da Aƙida a Wajen Neman Na Kai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya raba arziki a tsakanin bayinSa kamar yadda Ya raba musu halaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, amintaccen da ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Maudu'in da aka ɗora mini a wannan taro mai albarka tambaya ce da ta shafi kowane gida. Me ya sa za a ga mutum biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, zawiyya ɗaya, wuridi ɗaya, amma ɗaya ya kafa rumfarsa yana cin gashin kansa, ɗayan kuwa ba ya samun natsuwa sai yana aiki a ƙarƙashin wani? Kuma me ya sa wasu jama'u, a ƙasashe daban-daban, suka shahara da sana'a fiye da maƙwabtansu? Ba don nishaɗi muke tambaya ba. Zawiyoyinmu cike suke da samari da suka kammala karatu suna dakon aikin gwamnati shekara da shekaru, alhali guraben ba su kai yawansu ba.

Mu fara da hali. Lokacin da Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi hijira zuwa Madina, ɗan'uwansa Ba'ansare Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya dawo da ribar cuku da man shanu. A wannan garin kuma Sayyidina Abu Huraira ya lazimci masallaci tare da mutanen Suffa, ya jure yunwa domin kada hadisi ya wuce shi. Imaninsu ɗaya, malaminsu ɗaya, kuma ba a zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya raba hanyarsu shi ne ɗabi'ar da Allah Ya halicci kowannensu a kai.

Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun yi awon wannan al'amari da nasu ma'aunin. A shekarar 2006 masana biyu, Zhao da Seibert, suka tattara binciken da aka yi a baya inda aka gwada masu kafa sana'arsu da manajoji masu cin albashi. Suka ga masu sana'ar kansu sun fi himma da tsare aiki, sun fi son gwada sabon abu, sun fi dakewar zuciya idan al'amari ya dagule. Sai abu na huɗu da ya kamata mu tsaya a kansa: ba su cika damuwa da sai sun faranta wa kowa ba. Ma'ana, suna iya cewa a'a.

Wannan na huɗun shi ne inda da yawanmu muke faɗuwa. Shaguna nawa ne suka durƙushe domin mai su ya ji nauyin tambayar ɗan'uwa bashi? Kunya ado ce ga mumini, amma kunyar da ke hana mutum rubuta bashi ba ita shari'a ta yaba ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani Mai girma, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka.

To ina matsayin aƙida? A shekarun 1904 da 1905 wani masani Bajamushe, Max Weber, ya wallafa nazarinsa da ya shahara, inda ya ce wasu ɗariƙun Kiristoci 'yan Furotesta sun ɗauki sana'a a matsayin kira daga Ubangiji, suka yi aiki tuƙuru, suka guji almubazzaranci, jari ya taru a hannunsu. An daɗe ana gardama a kan maganarsa. A 2009 masana tattalin arziki biyu, Becker da Woessmann, suka koma kan alƙaluman yankin Furushiya na ƙarni na 19, suka ga cewa mafi yawan fifikon ya samo asali ne daga iya karatu, domin an hore su kowa ya karanta littafinsa mai tsarki da kansa. Ashe wata babbar ƙofar da addini ke shiga kasuwa ta ita, ita ce ilimi.

Wata ƙofar kuma ita ce amana. A Ingila akwai wata ƙaramar jama'a ta Kiristoci da ake kira Kweka. An daɗe ana toshe musu hanyar manyan jami'o'i da muƙaman hukuma, sai suka fuskanci sana'a. Ba sa rantsuwa, kuma sun shahara da faɗin farashi ɗaya ga yaro da babba. A da, majalisarsu takan binciki wanda ya ci bashi ya kasa biya, har ta kan kore shi idan ta ga sakaci ko ha'inci. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka kafa bankin Lloyds a Bamingam a 1765, da John Cadbury wanda ya buɗe shagonsa a wannan birni a 1824, asalin kamfanin da ke yin Bournvita da muke sha.

Mu dawo gidan sufaye. A Sanagal, Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa garin Tuba kuma ya rasu a 1927, ya tarbiyyantar da muridansa a kan haɗa zikiri da aiki. Sun fara da noman gyaɗa, suka shiga kasuwar Sandaga a Dakar, daga nan suka bazu zuwa Faransa da Italiya da Amurka. Baƙon da ya sauka a cikinsu yakan tarar da da'irar 'yan'uwa da za ta ba shi masauki, ta ba shi kaya bashi ya fara talla.

Mu ma muna da namu. A Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna ya yi nazari, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya ga yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ta hannun maigida da dillali, ba takarda ba sa hannu, mai shanu kuwa ya fito daga arewa mai nisa. Ya kuma nuna cewa bayan Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar a farkon shekarun 1950, haɗuwa wajen wazifa da biyayya ga malamai sun ƙara ɗaure wannan amana. Wanda za ku zauna sahu ɗaya da magariba, da wuya ka ci kuɗinsa da hantsi.

Ya 'yan'uwa, idan muka jera waɗannan misalai za mu ga abu guda. Hali shi ke tura mutum ya tashi ya kafa abin kansa. Aƙida kuma, idan ta zauna a cikin jama'a mai tarbiyya, ita ke sa a yarda da shi, a ba shi kaya, a jira shi. Mai himma da ba a amince masa ba, jarinsa iya abin da ke aljihunsa ne. Amintaccen da ba ya motsi kuwa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Saboda haka kada wani ya fake da tawakkali. Magabatan wannan hanya masu sana'a ne. Sariyyus Saƙaɗi ɗan kasuwa ne a Bagadaza. Almajirinsa Imamu Junaidu yana da shagonsa. Abu Hafsin Haddadu maƙeri ne. Shehu Abul Hasan Shazali, wanda ya rasu a 1258, an san shi da barin almajiransa a kan sana'o'insu. Imamu Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban neman abinci. Tawakkalinsu a zuciya yake, hannuwansu kuwa suna kan aiki.

Abin da nake roƙon iyayenmu muƙaddamai shi ne su dubi muridi da idon tarbiyya kamar yadda suke dubansa a wajen wuridi. Wanda aka ga yana da ƙarfin zuciya da juriyar asara, a haɗa shi da maigida a kasuwa ya koya, sannan a sallame shi da jari. Wanda aka ga natsuwarsa tana cikin aikin ofis ko koyarwa, kada a tilasta masa ya sayar da gonar gado ya buɗe shago, a taimake shi ya zama amintaccen ma'aikaci. Attajiranmu su riƙa ba da kaya bashi ga na ƙasa, a rubuce, da shaidu. Iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da adashi, a sa su cikin lissafi, domin gidaje da yawa da guminsu suke tsaye.

Sai gargaɗi na ƙarshe. Duk wanda ya rataya carbi ya karɓi kayan ɗan'uwa da sunan ɗariƙa sannan ya ci amana, ba mutum ɗaya ya cuta ba. Ya rufe ƙofa ga samari goma da za su zo bayansa. Wajibi ne zawiyya ta kira shi, ta yi masa nasiha, ta tsaya har sai ya biya.

Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa, Ya wadata mu da halal ga barin haram, Ya jiƙan shehunanmu da suka gabata, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.