Maiƙon Abinci da Yadda Hanta Ke Sarrafa Magani



Sau da yawa likita kan rubuta wa mutum biyu magani iri ɗaya, adadi ɗaya. Wannan ya samu sauƙi, wancan ya dawo yana kukan jiri, ko ya ce maganin bai karɓe shi ba. Gado, shekaru da lafiyar ƙoda duk suna da hannu. Yau dai zan tsaya ne a kan abin da ba a cika tambayar majiyyaci ba, wato man da ke shiga tukunyarsa.

Maganin da aka haɗiya, daga hanji jini ke kai shi hanta kafin ya bazu a jiki. Yawancin magunguna sun fi narkewa a mai fiye da ruwa, ƙoda kuwa ba ta iya fitar da irin wannan cikin sauƙi. Sai hanta ta sauya masa siffa tukuna ya bi fitsari ko ruwan matsarmama. Manyan masu wannan aiki su ne enzayim na dangin sitokrom P450, waɗanda aka fara hangowa a 1958, Omura da Sato na Japan suka raɗa musu suna a 1962. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado 57 da ke ƙera su. Guda ɗaya a cikinsu, CYP3A4, shi ke sarrafa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na magungunan da muke sha.

Ta hanyoyi uku maiƙo ke taɓa waɗannan enzayim.

Ta farko ita ce mazauninsu. A dashe suke cikin wani siririn tantani a ƙwayar hanta, tantanin kuma da maiƙo aka gina shi, wanda wani sashensa daga abinci yake zuwa. Kun san yadda man shanu ke daskarewa da hunturu, man gyaɗa kuwa ya ci gaba da gudana. To haka tantanin kan yi tauri ko laushi gwargwadon maiƙon da aka zuba a gininsa, kuma sai da laushin enzayim ke iya saduwa da abokin aikinsa mai miƙa masa lantarki. Tun wajajen 1970 aka nuna cewa idan aka raba P450 da wannan maiƙo, aikinsa ya durƙushe. A waɗannan shekarun kuma aka ga ɓerayen da aka hana wa mai sun fi daɗewa cikin barci bayan an ba su maganin sa barci, domin hantarsu na jinkirin kawar da shi.

Ta biyu ita ce saƙo. Akwai wani makulli a ƙwayar hanta da ake kira PPAR-alfa. Idan maiƙo ya kama shi, sai ya umurci ƙwayoyin gado su ƙara ƙera wasu enzayim, musamman na rukunin CYP4A.

Kafin ta uku, ga wata gaskiya da bai kamata a tsallake ba. A Jami'ar Rockefeller ta Amurka, cikin shekarun 1970, Kappas da abokan aikinsa sun gwada mutane masu lafiya. Da aka ƙara musu furotin, sai jikinsu ya hanzarta kawar da tiyofilin, maganin asma. Da aka musanya musu sitaci da mai, canjin bai taka kara ya karya ba. Ashe a mutum mai lafiya, sauya man girki na ɗan lokaci ba ya juya hanta kamar yadda yake yi wa ɓera.

Inda abin ke da nauyi shi ne hanya ta uku: taruwar kitse a hanta tsawon shekaru. Fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manya a duniya na ɗauke da ita, akasari ba tare da sun sani ba. Ƙiba da ciwon sukari ke janyo ta, kuma ba soye-soye kaɗai ba, har da lemon kwalba da yawan sitaci. A irin wannan hanta CYP3A4 kan ragu, magani ya daɗe a jini. CYP2E1 kuwa kan ƙaru, kamar yadda yake ƙaruwa ga mashayin giya da wanda ya daɗe cikin yunwa. Wannan enzayim shi ke juya wani ɓangare na farasitamol ya zama guba mai ƙona hanta. Shi ya sa iyakar giram 4 a yini ga babba ba abin wasa ba ce, balle da yake magungunan mura da yawa na ɗauke da farasitamol a ciki.

Sai mu raba wannan da batun tsotsa daga hanji. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ana shan sa da madara ko abinci mai maiƙo, domin ba tare da mai ba kaɗan ne daga sinadarin lumefantirin da ke cikinsa ke shiga jini. Efabirenz, maganin cutar ƙanjamau, akasin haka ne: maiƙo na ƙara shigarsa har ya kawo jiri da munanan mafarkai, don haka ake shan sa ciki babu nauyi, lokacin kwanciya. Wannan aikin cin abinci ɗaya ne, canjin hanta kuwa aikin ɗabi'ar shekaru ne.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya: idan za mu rubuta magani, mu tambayi abin da mutum ke ci, mu dubi ƙugunsa da sukarin jininsa, mu faɗa masa a fili ko da abinci zai sha ko a'a. Ɗalibanmu masu bincike kuma, ga manja, ga man gyaɗa, ga man kaɗe, ga majiyyata a asibitocinmu. Ku auna tasirinsu a jikin mutanen da ke cin su kullum. Jama'a kuwa, kada kowa ya ninka ƙwaya don ta farko ba ta yi aiki ba, ya koma wurin wanda ya rubuta ta.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.