Kububuwa: Jawabi ga Manoman Ƙasar Zuru

Jawabin yau a kan kububuwa ne, macijiyar nan da ake yi wa laƙabi da "gobe da nisa". Ƙasar Zuru ƙasar duwatsu ce da noma, kuma ƙarƙashin dutse da tarin karan dawa su ne maɓuyarta. Saboda haka manomi da makiyayi da samarin golmo su ne suka fi karo da ita, musamman lokacin shuka da na girbi.

Tsawonta bai cika wuce ƙafa biyu ba. Launinta na ƙasa ne, da ɗigo-ɗigon fari a gadon baya. In ta fusata sai ta naɗe, ta riƙa goga jikinta, a ji ƙara kamar an zuba ruwa cikin mai mai zafi. Wanda ya ji wannan, to, ya ja da baya.

Mugun halin dafinta shi ne hana jini daskarewa. Sau da yawa wanda ta sara ba ya ganin kome da farko sai zogi da kumburi, har ya zaci ya tsira. Bayan sa'o'i, ko kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya soma fita daga dasashi da hanci, ko cikin fitsari. In ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa, mutum na iya rasa ransa. Watau jinkiri shi ne abokin kububuwa.

In ta sari mutum, a cire masa zobe ko munduwa tun kafin wurin ya kumbura. A ɗora wa ƙafar ko hannun karan ɗori don kada ya motsa, sa'an nan a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Kada a ɗaure wurin tamau da igiya, kada a tsaga, kada a tsotse. Waɗannan ba su fid da dafi, sai dai su ƙara zubar jini, ko su ruɓar da gaɓa.

A asibiti akan ɗibi jininsa kaɗan a zuba cikin kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, lalle dafi ya shiga, sai a yi masa allurar maganin dafi ta jijiya.

Wannan magani yana da labari. A ƙasar Kosta Rika, can Amurka ta Tsakiya, akwai dangin kububuwa na kurmi da tsaunuka, masu ɗan rami tsakanin ido da hanci wanda suke jin ɗumin jikin dabba da shi cikin duhu. Babu irinsu a Afirka. Yawan sararsu ya sa aka kafa Cibiyar Clodomiro Picado a 1970 don haɗa magani daga jinin dawakai. Daga baya masananta suka haɗa wani musamman domin kububuwa da kasa da gamsheƙa na Nijeriya, aka gwada shi a Kaltungo ta Jihar Gombe. A 2017 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci.

Rigakafi dai ya fi magani. A sa takalmi mai rufe idon sawu in za a gona, a riƙe fitila da dare, a share ciyawa kewayen gida da rumbu, kada kuma a cusa hannu cikin rami. Allah ya kiyaye, ya ba da damina mai albarka, amin.