Dashen Ayaba A Bayan Gida

Mu mazauna Kudu Allah Ya hore mana ruwan sama, don haka kada mu bar wa ciyawa bayan gidajenmu.

Da damina ta sauka, wajen watan Afrilu, a nemi ɗan ayaba mai siririn ganye kamar takobi, mai faffaɗan ganye ba ya ƙarko. A fere saiwarsa saboda tsutsa, a haƙa rami kamu guda, a zuba taki, tsakani mita 3.

To, a lura: uwa sau ɗaya take haihuwa. Da an yanke nonon, a sare ta, a daddatsa a gindin. 'Ya'yan kuwa a bar biyu, babba da ƙarami, a cire sauran. In suka cunkushe, wallahi ƙananan ayaba za a samu.

Allah Ya sa albarka.