Wutar Da Ke Ƙona Injin Niƙa: Jawabi Ga Jama'ar Birnin Kudu Da Gwaram

Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kowa yana kukan ɗauke wuta. To, akwai abin da ya fi ɗaukewa ɓarna, shi ne a kawo ta ba daidai ba. Ku tambayi mai casar shinkafa a Birnin Kudu, ko mai injin niƙa a Gwaram, ko mai walda a Sara. Babban inji da layi uku yake aiki. In layi ɗaya ya faɗi, ko wuta ta zo ba ƙarfi, injin ba ya tsayawa, sai ya yi ta gurnani yana ɗaukar zafi har wayar cikinsa ta ƙone. Wata rana kuma a maido ta da ƙarfin tsiya, ta kashe duk abin da ta tarar a kunne.

Wa zai biya? Mai inji ya kai wa mai naɗi, ya yi kwanaki ba aiki, yaransa na zaune. In ya gaji ya sayi janareta, ga tsadar dizal, ga takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba. Ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba. A kan kwanon dawarki zai ɗora, uwargida, da buhun shinkafarka, malam manomi. Ko babu ƙwan lantarki ɗaya a gidanka, kana biya!

Manya ma ba su tsira ba. Masaƙu da masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa cikin Kano, inda 'ya'yanmu suke zuwa neman aiki, sun rufe, kuma matsalar wuta tana cikin dalilai. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, mai niƙa bai ga canji ba.

Amma tun 2023 doka ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta. Yanzu ba mai fakewa da Abuja. In kun ba jam'iyyarmu amana, za mu ware wa masu injina taransifoma tasu a kowane babban gari, mu sauya ruɓaɓɓun turaku da wayoyi, mu haɗa da wutar hasken rana, wadda Allah ya hore mana a Jigawa.

Ranar zaɓe kowa ya fito da katinsa tun da sassafe, a zo da iyali. Wassalamu alaikum.